Kashi na Arba'in a Wayar Inna

Da asuba, in ya dawo daga masallaci, Akawu ba ya komawa barci. Yakan jawo ɗan teburin da ke bayan ƙofa, ya buɗe kwamfutar da ya cika da caji tun jiya a shago, ya jingina wani tsohon littafin rubutu da filo don ya tsaya daidai idonsa. Ba ya kunna fitilar ɗaki saboda matarsa na barci. Yana da 'yar tocila da yake ɗaurewa da roba a hannun kofi, ta haska shafin kawai. Daga nan sai bugawa, har rana ta leƙo ta ƙasan ƙofa. Wata tara ya yi yana haka.

Littafin na babansu ne. Marigayin direban babbar mota ne, shekara talatin a kan hanya, kuma duk inda ya yada zango sai ya rubuta abin da ya gani a littafin 'yan makaranta mai layi-layi. Guda shida ya bari. Biron ya dushe, ruwa ya taɓa biyu daga ciki, gara ta ci gefen ɗaya. Duk gidan babu mai iya karanta rubutun sai Akawu, shi ma sai ya ƙanƙance ido.

Akawu ba akawun kowa ba ne. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake zama da tafireta a gindin bishiya gaban wani ofis, yana buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Da kwamfuta ta kashe tafireta, ya koyi kwamfuta da girmansa, yana zufa. Da karatu ya koma cikin waya, ya bi shi can. Masu rubuta labari a littafi su kawo masa, tsofaffin malaman makaranta su kawo abin da suka tara, shi kuma ya buga, ya gyara, ya mayar da shi abin da waya za ta iya buɗewa.

Bugawar ba ita ce aikin ba, in ji shi. Aikin shi ne yanka. Yawancin masu karanta masa ba masu babbar waya ba ne. Masu gadi ne, da direbobin da ke jiran lodi, da mata masu tsaron shago, duk da ƙananan wayoyi masu madannai, irin waɗanda in ka ba su fayil mai nauyi sai su shaƙe. Saboda haka yakan yanka littafi kashi-kashi, kowane kashi daidai loma. Ba hoto, ba ado. Sakin layi gajere, da fili tsakaninsu don ido ya huta. Kuma ba ya yanka a tsakiyar magana, sai inda mutum zai iya ajiye waya ya sallami mai saye ya dawo bai ɓata ba. A durowarsa akwai wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, roba ce ke riƙe da batirinta. Kaka yake ce mata. Duk abin da Kaka ba ta buɗe ba, ba ya fita daga shagon.

Shagon kuwa ba nasa ba ne, na ƙaninsa ne mai gyaran waya, wanda layi ke ce wa Injiniya, gida kuma ke ce wa Auta, kamar yadda ake ce wa Akawu Babba. Ni ɗinki nake yi a shagon da ke jikin nasu, katako ne kawai tsakaninmu, don haka abin da kunnena bai so ji ba ma ya ji. Injiniya ne a gaba, da akwatin gilashi da fanka da bencin baƙi. Akawu yana can ciki, bayan kantar da aka jibge matattun wayoyi. In ya gama kashi, sai ya miƙo memori ta saman kanta. Injiniya ya karɓa, ya soka kebul, cikin minti guda ya tura wa mutum, ya ƙara masa girman rubutu, ya nuna masa inda zai danna, ya haɗa masa da barkwanci. Mutum ya tafi yana sa albarka.

Wata safiya maigadin wani sito ya tsaya a bakin shagon da kekensa.

"Injiniya, littafin nan naka ya hana ni gyangyaɗi. Ina ci gabansa?"

"Yana kan wuta, Baba. Girki ba ya son gaggawa."

Akawu ya yi tari daga ciki, irin tarin da ba na mura ba.

"Wa ke nan kuma a ciki?" in ji maigadi.

"Yayana ne."

"Au, yana taya ka? Madalla. Malam, ka riƙe ƙanin nan naka da kyau, kai gare shi."

Akawu ya ci gaba da bugu. Na dai ji madannan kwamfuta sun ƙara ƙara, kamar da su ake faɗan.

A yi wa Injiniya adalci, bai taɓa cewa shi ke yin littattafan ba. In an tambaye shi yakan faɗa. Matsalar ita ce ba mai tambaya. Mutum hannun da ya miƙo masa abu yake gani. Akawu ya san haka, sanin kuma bai rage masa komai ba. In Injiniya ya yi dariya da mai saye, sai ya ji dariyar a haƙarƙarinsa. In Injiniya ya sayi sabon takalmi, sai ya duba nasa. Ya taɓa ce wa matarsa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"To ka fito gaba mana," in ji ta. "An ɗaure ka ne?"

"In fito in yi me? In yi ta washe wa mutane baki?"

"To ka zauna. Amma ka daina kawo mini fuskar nan gida, ba ni na kasa muku shago ba."

Duk wannan da sauƙi, don mutanen titi ne. Abin da ya dame shi na gaske a tsohon gidansu yake, inda mahaifiyarsu ke zaune tare da Auta da iyalinsa. Inna ta koyi karatu ne da girmanta, a ajin manya, kuma tana ji da shi. Idonta ba ya ganin dusasshen biron mijinta, amma yana ganin manyan baƙaƙe a waya mai haske. An saya mata babbar waya ta mayar, ta ce abin da in ka shafa shi sai ya gudu ba nata ba ne. Ƙaramarta take so, mai madannai. Saboda ita Akawu ya fara buga littattafan marigayin. Duk mako kashi ɗaya, ya gwada a Kaka, ya miƙa ta saman kanta, Auta ya tafi da shi gida da yamma ya sa mata.

Ya ɗauka a wannan kam babu gardama. Ita ta haife su, ta san wanda ke karanta rubutun mijinta.

Ran nan ya je gaishe ta, ya tarar da ita a tabarma da wata maƙwabciya, tana karanta mata inda birki ya tsinke wa marigayin a gangare. Tana karantawa da ɗan yatsa a kan gilashin, a hankali, tana dariya tana share ido.

"Ikon Allah," in ji maƙwabciyar. "Kamar yana zaune yana ba da labarin. Wa ya yi miki wannan?"

"Auta mana. Shi ya dawo mini da babansu cikin waya. Yaron nan, Allah dai ya yi masa albarka."

Auta yana gefe yana wanke babur. Ya ɗago ya ce, "Inna, Yaya ne fa yake bugawa."

"Na sani, ai Babba ya saba kwafe-kwafensa tun yana gindin bishiya. Amma a ɗauki magana a sa ta cikin wannan ɗan abin, ta zauna, ta yi haske? Wannan sai mai ilimin abin." Ta juyo wajen Akawu. "Ka zo lafiya? Ya yaran?"

Ya ce lafiya lau. Ya zauna ya sha ruwan da aka kawo masa. Kwafe-kwafe. Wata bakwai a lokacin yana tashi da asuba, yana bin kalma ɗaya minti goma in ruwa ya cinye rabinta. Kuma Auta ya faɗi gaskiya sau ɗaya, da murya irin ta wanda ya sauke farali, ya koma kan babur ɗinsa.

Akawu ya koma bakin aikinsa. Ya ci gaba da miƙa kashi duk mako har aka kai talatin da tara. Na arba'in shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ya riƙe.

Mako biyu ya yi yana wani aiki da bai taɓa yi ba. Ya haɗe kashi arba'in ɗin wuri guda, ya yi musu bango mai launi kamar littafin kanti. Ya sa hoton marigayin a jikin motarsa, a ƙasa kuma ya sa nasa, da babbar riga da hula, wanda ya je takanas aka ɗauke shi. Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a bangon, ya kuma sa shi a saman kowane shafi, ya kulle fayil ɗin yadda ba mai iya cire ko wasali. A kwamfuta abin ya yi kyau ƙwarai. Da ya gama, hannunsa ya tafi durowa don ya ɗauko Kaka, kamar kullum. Ya riƙe marfin durowar na ɗan lokaci, sannan ya sake shi. Ya ce wa kansa ai wayar Inna ta fi Kaka ƙuruciya. Shekara goma sha ɗaya yana wannan sana'a ta yanka, ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Ya zaɓi hantsi, lokacin da Auta ke shago. Ya rataya jakar kwamfuta ya ce zai je ganin wani malami, ya wuce tsohon gida.

"Yau kai ne da aiken?" in ji Inna. "Ina Auta?"

"Yana shago. Kawo wayar, na kawo miki na ƙarshe. Gaba ɗaya ma na kawo, a haɗe."

Ta miƙa masa, amma idonta na kan hannunsa. Ya soka kebul. Ga kashi talatin da tara a jere, kowanne Auta ne ya sa shi. Ya ce a ransa wurin ba zai isa ba sai an rage kaya. Alhali wurin zai isa. Ya goge su duka, ya tura nasa, ya zare kebul, ya matso kusa da ita don ta ga bangon da idonta.

Ya danna. Wayar ta yi shiru, gilashin ya yi fari. Ya jira. Ya sake dannawa. Ta rubuto cewa ba za ta iya buɗewa ba, sannan ta daskare, ko madannin kashewa ya ƙi ji. Ya cire batir ya mayar, ya sake gwadawa. Haka dai.

"Ba ni nan," in ji Inna. Ta karɓa ta bi hanyar da ta haddace, danna biyu ƙasa, ɗaya tsakiya. Babu komai sai abu guda da ba ta sani ba. "Ina suke? Jiya na koma kan inda suka kwana uku a bakin gada, ban gama ba. Babba, me ka taɓa?"

"Yanzu zan gyara."

"A'a. Ajiye. Abin da ba ka san kansa ba, ka bar wa mai shi. Kira mini Auta."

Da wayarsa ya kira, don tata ta mutu a hannunsa. Garin neman gira ya rasa ido, kuma shi da bakinsa ya kira wanda zai zo ya gani.

Auta ya iso a babur, ko hular kwano bai cire ba ya durƙusa. Ya zare memorin ya sa a babbar wayarsa. Bangon ya buɗe tar, ga marigayi da motarsa, ga Akawu da babbar riga, hotonsa har ya ɗan fi na uban girma. Auta ya ja shafi biyu uku, ya ga sunan a saman kowanne. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, hoton ya yi kyau. Hular ce ta yi wa wayar nauyi."

"Ka yi abin da aka kira ka ka yi."

Akawu ya san kashi talatin da taran nan duk suna cikin wayar Auta. Minti biyu ya isa ya mayar da su, Inna ta sa masa albarka, a tashi. Ya sunkuyar da kai yana jiran hakan.

Auta ya mayar da memorin, ya tayar da wayar, ya ajiye ta a tabarma.

"Inna, na tashe ta, amma sauran ya fi ƙarfina. Ni turawa kawai nake yi, kamar yaron mota. Mai yanka shi daidai bakin wayarki ga shi nan zaune. In bai yi ba, ni ba ni da abin sa miki."

Wani zai ce Akawu ya ji sanyi. Bai ji ba. Abin da ya ji shi ne, ko rufin asirin ma daga hannun Auta ya fito, kuma ya iya yin sa cikin sauƙi, yana murmushi, kamar yadda yake yin komai. Amma ba wurin fushi ba ne. Ya buɗe kwamfuta a kan cinyarsa.

Mayar da talatin da taran bai ɗauki lokaci ba. Na arba'in ne babu shi a yanke, sai a cikin babban. Dole ya ciro shi, ya kankare sunansa daga saman shafuka, ya rage sakin layi, ya buɗe fili. Inna ba ta taɓa ganin yana aiki ba. Ta matso tana kallon yatsunsa suna tafiya ba tare da ya dube su ba.

"Waɗannan ɗige-ɗigen fa?" Ta nuna gilashin kwamfutar. "Ina ganinsu a waya. Na ɗauka ciwon wayar ne."

"Inda ruwa ya cinye rubutun ne. In ban gane ba, ba na ƙirƙira masa. Sai in bar ɗigo."

Ya ciro littafi na shida daga jaka ya buɗe mata shafin. Tabon ruwa ne ruwan ƙasa, da ƙafafun baƙaƙe a gefensa. Ya karanta mata abin da ke kafin tabon: marigayin ya dawo daga doguwar tafiya, ya tsaya a ƙofar gida, ya sauko da wani abu daga gaban mota. Bayan tabon kuma sai ga shi yana cewa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Inna ta yi dariya har da tari.

"Tunkiya ce. Na ce ya sayo mini keken ɗinki, ya dawo mini da tunkiya mai ciki, wai ita ma tana haihuwar kuɗi. A kujerar gaba ya zaunar da ita, kamar amarya."

Akawu ya buga yadda ta faɗa, ya sa alamar cewa daga bakinta ne. Suka bi sauran ɗigon da ke kashin, guda biyar. Ta san uku, biyu ta ce Allah kaɗai ya sani. Ya tura a wayar, ya miƙa mata ba tare da ya danna ba. Ta danna da kanta. Ya buɗe. Ta bi da ɗan yatsa har ta iso kan tunkiyar, ta tsaya.

"Maganata ce wannan."

"Ita ce."

Ta dubi littafin mai tabo, ta dubi wayar, ta dube shi.

"Ashe zama ake yi a yi shi."

"Wata tara, Inna."

"Shi ya sa ka rame." Ta juya. "Auta, kawo wa yayanka ruwa."

Iyakar abin da ya samu ke nan, kuma ya riƙe shi. Da maƙwabciyar nan ta leƙo tana tambayar ko wayar ta tashi, Inna ta ce yara sun gyara. Yara, ba Auta ba. Akawu ya ji wannan ma ya adana. Sai dai kafin ya gama naɗe kebul, ta miƙa wayar ta gefensa, ta wuce shi.

"Auta, zo ka ƙara mini girman rubutun. Kai ka san yadda nake so."

Shi ma ya san yadda ake yi. Danna uku ne. Ya zuge jakarsa ya yi sallama.

Babban fayil ɗin mai bango bai ba kowa ba, bai kuma goge shi ba. Ya koma bayan kanta, ya ci gaba da miƙo memori ta sama. Injiniya ya fara ce wa masu saye, "Ku gode wa Yaya, yana ciki," su kuma su ɗaga murya su ce an gode Malam, idonsu na kan wayoyinsu. Akawu ya ce masa ya daina, ba bara yake yi ba. Ranar hutu yakan je tsohon gida da littattafan nan shida, shi da Inna su bi ɗigon da ya rage tun daga kashi na ɗaya. In sun cike, ya gyara, shi yake turawa da hannunsa. Ita kuma ta karɓa ta ajiye, sai Auta ya dawo ya duba mata ko an sa daidai.

A ƙarshen shekarar na tashi daga layin, na koma ɗinki a gida saboda ciwon baya. Ranar da nake kwashe kaya, na leƙa in yi musu sallama. Injiniya ya fita sayen kayan gyara. Akawu na zaune a kujerar gaba, wurin ƙaninsa, ya ɗauko wata matacciyar waya daga kanta ya kwantar da ita a kan tsumma. Ya sa tabarau, ya riƙe ɗan siririn sukudirebar Injiniya da yatsun da suka shekara talatin suna bugu ba su taɓa kwance komai ba. Ya cire noti uku ya jera su. Na huɗun ya yi tsalle ya faɗa ƙasa.

Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Ya dubi titi ta inda babur ɗin zai ɓullo, sannan ya tattare rigarsa, ya durƙusa a ƙarƙashin akwatin gilashin yana shafa siminti da tafin hannu.